Mun Je Gaida Takwaran Kawu

Tun da muka dawo daga Chadi ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a kasuwar Ajingi, har a ajinmu na yaƙi da jahilci, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Idi, wai da gaske kun ga karkanda?" In na fara ba da labarin, kafin in isa Damaturu wani ya katse ni yana tambayar ko Chadi ta fi Kano zafi, wani kuma yana so ya ji ko ana samun goro a can. Ba wanda ya taɓa bari na kai ƙarshe, ni kuwa ƙarshen ne ya fi damuna. Malam Nasiru da ke koya mana karatu ya ce tunda hannuna ya fara faɗawa, in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Ni ba mai saurin rubutu ba ne, amma ba sauri nake yi ba. Ga yadda abin ya kasance.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta kawuna ce, Haladu, yayan mahaifiyata da ke Gafasa. In ka shiga garin ka ce kana neman Haladu, sai an tsaya tunani. In ka ce Karkanda, kowa zai nuna maka gidan. A ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne, daga Gafasa zuwa Toranke har Gaya ba a cika samun mai kai bayansa ƙasa ba. Salonsa shi ne ya duƙar da kai ya taho a guje, ba ya duba dama ko hagu. Wani makaɗi da ya taɓa yawo a ƙasashen gabas ya gan shi ya ce ai wannan karkanda ne, sunan kuwa ya bi shi. Shi bai taɓa ganin dabbar ba, haka ma duk masu kiransa da sunan.

A 'yan shekarun nan idonsa ya fara mutuwa. Ni na raka shi asibiti a Gaya. Likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce ke tafiya a hankali. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama da ɗan saura: da safe, in haske ya yi kyau, yana iya gane mutum daga zaure zuwa gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Likitan ya ja ni gefe ya ce wannan ma ba zai daɗe ba.

Ana cikin haka ɗansa Sabi'u ya bugo waya. Sabi'u taubashina ne. Ya daɗe a Chadi yana tuƙi, ya yi aure a can, yanzu yana ja wa ma'aikatan wani babban gandun daji mota. Cikin hira ya ce, "Baba, ai takwaranka yana nan wurinmu, har masu gadi gare shi." Ya turo hoto. Aka kai wa Kawu wayar har bakin hancinsa, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce shi toka-toka kawai yake gani. Can ya ce, "To, zan je in gaishe shi."

Muka yi dariya. Washegari ya maimaita, ba wanda ya yi dariya. 'Ya'yansa mata suka yi ta magiya. Limamin unguwa ya zo ya ba shi baki, ya saurare shi har ya gama, ya shafa masa turare, ya raka shi ƙofa. Kawu mutum ne mai turare. Akwai 'yar kwalba da ba ta barin aljihunsa, duk wanda ya zo wurinsa, babba ko yaro, sai ya ce, "Kawo hannu." Mu kuwa a wurinmu ba a mayar da turare. Da aka ga ba zai fasa ba, aka ce to wa zai raka shi? Ya ce, "Idi. Ba ya faɗa, kuma yanzu yana iya karanta allon hanya."

Mun jira sai da aka gama girbin gyaɗa rani ya shiga sosai, don Sabi'u ya ce da damina ba mai iya shiga dajin. Daga Ajingi muka fito Gaya muka tsaya a bakin titi. Nan muka fara koyon darasi: motocin Maiduguri daga Kano suke cika, ba sa tsayawa. Mun yi ta ɗaga hannu har rana ta ɗaga. Ƙarshe muka yi ta gutsure hanyar, wannan ta kai mu Azare, waccan ta kai mu Potiskum. Da muka isa Damaturu an riga an rufe hanyar Maiduguri, don sojoji ba sa bari a bi ta in yamma ta yi. A barandar wani masallaci kusa da tasha muka kwana, tare da masu kai kifi da wani tsoho mai sayar da kanwa wanda ya ce ya san sunan Kawu tun yana saurayi. Ban yarda da shi ba, amma Kawu ya ji daɗi.

A wannan hanyar ce muka kusa jawo wa kanmu. A wani shinge soja ya leƙo cikin motar, Bahaushe ne, ya ce, "Baba, ina zuwa?"

"Chadi, ɗana. Za ni gaida takwarana."

"Me yake yi a can?"

"Ba ya komai. A daji yake zaune, masu bindiga suna gadinsa."

Fasinjoji suka zuba mana ido. A wannan yankin ba a faɗar irin wannan magana ko da wasa. Sojan ya ce, "Ku sauko, kai da wanda ke tare da kai."

Aka zaunar da mu a ƙasa. Na ciro waya ina neman hoton karkandan, ga caji ya kusa ƙarewa. Da babbansu ya gani sai ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Haba Baba, ka ce dabba mana!"

Kawu ya ce, "Aikinsa aka tambaye ni. Ba wanda ya tambaye ni ƙafarsa nawa."

Ya ciro kwalbarsa ya shafa musu su duka. Muka koma mota, fasinjoji na harararmu har Maiduguri.

A Maiduguri mun sauka wurin wani mutumin Gaya mai sana'ar huluna. Daga can zuwa Gamboru ba a tafiya ɗaiɗai, sai motoci sun taru sojoji sun raka. Ba ni da abin faɗa mai yawa a kan wannan hanyar. Mun wuce ƙauyuka ba rufi, ba kaza, ba hayaƙi. Kawu ya tambaye ni me ya sa kowa ya yi shiru, na ce masa gonaki ne ba a nome ba. Ya ce, "Wannan ya isa sa mutum shiru."

A bakin iyaka aka duba katinmu na rigakafi, aka ba mu takardar wucewa. Ma'aikacin ya turo mini tawada in dangwala yatsa. Na ce a ba ni biro. Na sunkuya ina rubuta sunana harafi bayan harafi, har wata mata a bayana ta ce, "Malam, wasiƙa kake rubuta masa?" Na gama dai. Amma da muka haye gada muka shiga Kamaru, karatun nawa ya tsaya. Haruffan na san su, amma in na haɗa ba sa ba da komai, don Faransanci ne. Kawu ya yi ta tambayata, "Me allon ya ce?" Na ce masa ban sani ba. Ya ce, "Ashe dukkanmu makafi ne yanzu."

A Kusiri na fara ganin burodi dogo kamar sandar makiyayi, ana ɗauke da shi a hammata ba ko leda. Ɓawonsa ya yi wa Kawu tauri, sai da muka jiƙa a shayi. Daga nan gada ɗaya ce tsakaninmu da Injamena. Sabi'u na jiran mu a ɗaya gefen, ya naɗe kai da rawani irin nasu har ya rufe baki. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya juyo kaina.

"Wa nake gani haka? Ɗan makaranta! An ce kana aji ɗaya da jikokinka."

Na ce, "Ni dai na san hanyar gidanmu. Kai kuwa ka rufe fuska don kada a gane ka a ce ka dawo noma."

A gidansa muka ga abin da ya ba Kawu mamaki. Matar Sabi'u, Hawwa, Balarabiyar can ce. Tana fitowa ta nufi Kawu kai tsaye ta miƙa masa hannu, tana jero gaisuwa da Larabcinsu. A Gafasa suruka daga nesa take durƙusawa, ba ta ko ɗaga kai. Kawu ya ga inuwar hannu a gabansa ya rasa yadda zai yi, sai ya laluba aljihu ya ɗiga mata turare a tafi. Kowa ya fita kunya. Abincinsu bai yi nisa da namu ba. Tuwon gero ne, amma suna kifa shi daga ƙwarya ya fito sumul, da miyar busasshiyar kuɓewa da nama fiye da yadda muka saba. Shayi kuwa ba lokacin da ba a sha, a 'yan ƙananan kofunan gilashi, da sukari kamar za a yi alewa. In ka shanye a ƙara maka. Sai da Sabi'u ya ga na fara gumi sannan ya gaya mini yadda ake cewa ya isa.

Daga Injamena zuwa dajin tafiya ce mai tsawo. Har Mongo akwai kwalta, da duwatsu manya a gefe. Bayan nan sai turɓaya da rami. Taya ta fashe mana a inda ba gari, wasu makiyaya da ke ƙaura da kayansu a kan takarkarai suka tsaya suka ba mu madara. Kawu ya shafa wuyan wani sa ya faɗi shekarunsa, mai shanun ya gyaɗa kai. Ba su ji maganar juna ba, amma sun rabu suna abokai.

Da muka isa dajin aka sauke mu a ɗakunan ma'aikata. Nan Sabi'u ya haɗa mu da Adum, mutumin da aikinsa shi ne bin sawun karkanda kullum don a san inda suke da lafiyarsu. Siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ba ya jin Hausa, Sabi'u ne ke fassara. Da aka gaya masa sunan Kawu da dalilin zuwansa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna kusa da shi a tabarma.

Daga bakin Adum na ji yawancin abin da na sani game da dabbar. Ya ce a da akwai ta a duk ƙasashen nan, har gefen Borno da arewacin Kamaru, amma irin na nan an harbe shi har ya ƙare ƙaf. Waɗanda suke gadi yanzu daga Afirka ta Kudu aka kawo su a jirgin sama. Cikin na farko wasu sun mutu, ba harbi ba, ganyen wurin ne bai riƙe su ba kamar na ƙasarsu. Shi ya sa ake lallaɓa waɗanda suka rage. Ya ce macen tana ɗaukar ciki fiye da shekara, ta haifi ɗa guda, sannan ta yi shekaru tana renonsa kafin ta sake. In an kashe ɗaya, ba a mayar da gurbinta da wuri.

Kawu ya ce, "Namanta ake so?"

Adum ya ce a'a, ƙahon ne. Ana fitar da shi ƙasashen waje, wasu na cewa magani ne. Ya ce ƙahon ba ƙashi ba ne, abu ɗaya ne da farce ko kofato, in an yanke yana sake tsirowa. Su da kansu suna rage shi don ɓarayi su ga ba riba.

Kawu ya ɗaga yatsunsa kusa da idonsa na dama ya ce, "A kan farce aka gama da su?"

Sannan Adum ya zo kan abin da ya shafe mu. Shugabansu ya yarda a kai mu sau ɗaya tak, da sassafe, wurin wani namiji da ya fi sauran haƙuri da mutane. Sau ɗaya, don ba a so a riƙa damunsu. Ya ce karkanda ba ta gani sosai, in ka tsaya cik tana iya ɗaukarka kututture. Amma kunnenta da hancinta ba a yi musu wayo. Ya ciro wani ɗan ƙullin tsumma cike da toka ya girgiza, tokar ta bi iska. Ya ce kullum sai iska ta taho daga wajenta zuwa wajenmu. Ba magana, ba tari, ba farin kaya.

Nan aka samu gardama. Kawu ya taho da farar babbar rigarsa ta shadda tun daga Gafasa, a ninke, musamman don wannan rana. Ya ce, "Ba a zuwa gaida babba da kayan tafiya." Sabi'u ya ce, "Baba, shaddar nan in ka motsa har Injamena za a ji." Da ƙyar ya yarda ya sa wata koriyar riga ta ma'aikata da ta matse shi a kafaɗa. Ya ce in wani ya ɗauki hotonsa a cikinta bai yafe ba. An yi maganar riga, an yi maganar takalmi, an yi maganar tari. Ba wanda ya yi maganar aljihu.

Bayan sallar asuba muka fita. Inda mota ta tsaya aka bar Sabi'u, don Adum ya ce yawan ƙafa yawan ƙara. Ya rage Adum a gaba, masu gadi biyu a baya, ni riƙe da hannun Kawu a tsakiya. Dajin ƙaya ne da busasshiyar ciyawa, bai bambanta da namu ba kafin a share shi a yi gonaki. Adum yana tafiya a hankali saboda mu. In ya ga wani abu sai ya tsuguna ya kamo hannun Kawu ya ɗora a kai. Ta haka Kawu ya shafa sawun: faɗinsa ya kai faifai ƙarami, da yatsu uku. Ya shafa wani reshe da aka datse shi a karkace kamar da wuƙa, don ita ba ciyawa take kiwo ba kamar saniya, rassa take ci. Muka iske tulin kashi a wuri ɗaya, da layuka biyu inda dabbar ta tona da ƙafafun baya. Kawu ya murje wani a tafinsa, duk guntayen itace ne, da sauran ɗumi. Na ga fuskarsa ta canza. Na ji hannunsa yana matse nawa irin riƙon 'yan kokawa.

Can Adum ya ɗaga hannu. Ya ajiye mu a bayan wani babban suri, ya girgiza tokarsa, ya nuna mini da yatsa wata faɗaɗɗiyar bishiya a gaba. Na gane nufinsa. Zai je ya duba, in komai ya yi daidai ya dawo ya kai Kawu gindinta, inda idonsa zai iya kaiwa. Ya sulale ya tafi.

Na leƙa ta gefen surin, sai ga shi.

Ban san me na zata zan gani ba. Ana ce wa irinsu baƙar karkanda, amma shi ba baƙi ba ne, launin busasshen taɓo ne, don a ciki yake birgima. Tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, amma kaurinsa ya fi na manyan shanu biyu a haɗe. Ƙahon a datse yake kamar gindin turmi. Leɓensa na sama yana da tsini, yana kamo reshe da shi kamar yatsa yana turawa baki. Kunnuwansa suna juyawa kowanne da nasa ɓangaren. Tsuntsayen carki biyu suna kan bayansa, irin dai waɗanda ke bin shanunmu. Daga inda muke Kawu ba zai iya ganinsa ba. Saura ɗan taƙin nan zuwa bishiyar.

Na matsa hannunsa don ya san yana nan. Ya gane. Ya saki hannuna ya gyara hularsa. Ya ja ƙasan koriyar rigar ya daidaita ta. Sannan ya sa hannu a aljihun wandonsa ya ciro 'yar kwalbar, kamar yadda yake yi a ƙofar masallacin Juma'a, ko in zai shiga wurin hakimi. Ya buɗe ya shafa a gemunsa.

Ina kallonsa. Na tuna tokar Adum sarai. Bakina ya buɗe. Amma tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Kawu "bari" ba, kuma an ce ba magana. Kafin in san abin yi ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Kawo hannu."

Na miƙa.

Ban daɗe da janye hannun ba na ji iska ta taɓa ƙeyata. Ta juya. Takwaran Kawu ya daina tauna. Ya ɗaga kai sama, kunnuwan nan biyu suka fuskanto mu. Carkin suka tashi da kuka. Ya yi wani huci mai ƙarfi da na ji shi har cikin cikina, ya taho kanmu a guje kai a duƙe. Masu gadin suka danne mu a jikin surin. Bai iso ba. Ya yi wata juyawa da ban zaci jiki irin wannan zai iya ba, ya ɗaga wutsiya, ya faɗa cikin ƙaya. Mun daɗe muna jin rassa na karyewa, suna ƙara nisa.

Kawu ya miƙe yana juya kai, yana duba ɓangaren da ba nan ba ne. "Ina yake? Idi, ina yake?"

Na ce, "Ya tafi, Kawu."

Adum ya dawo yana shaƙar iska. Ya dube mu, ya dubi kwalbar da har lokacin tana hannun Kawu a buɗe. Ya karɓi murfin daga ɗaya hannun ya rufe masa ita, ya mayar masa. Sai da muka koma mota ya yi magana, Sabi'u ya fassara. Ya ce ko ba turare, in iska ta juya zai ji mu. Amma warin masu gadinsa ya saba da shi, yakan ɗan matsa ne ya tsaya. Baƙon ƙamshi ne ya kore shi da nisa haka. Ya ce laifinsa ne, bai taɓa tunanin wani zai shigo daji da turare ba. Ni na san ba laifinsa ba ne. Shi yana gaba, ni nake gefen Kawu.

Mun zauna muna jira ko za a sake ba mu dama. Sabi'u ya je ya roƙa. Labarin da ya dawo da shi shi ne dabbar ta shige wani surƙuƙi mai nisa, ta ƙi fitowa, ko ci ba ta yi sosai. Shugabansu ya ce da wahala aka kawo ta ƙasar, ba za a sake bin ta da baƙi ba. Ban ga laifinsa ba. Sabi'u kansa sai da aka yi masa faɗa, duk da ya ɓoye mana. Ko tsokanata ya daina. Wata safiya Kawu ya ce, "Ɗaure mana kaya, Idi. Mun dami mutane, mun dami mai gida."

Hanyar dawowa ita ce dai wadda muka bi, ba sai na maimaita ba. Abin da ya bambanta shi ne Kawu bai ƙara tambayata me allo ya ce ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Sake faɗa mini yadda yake." Na faɗa masa a Mongo, na faɗa masa a kan gada, na faɗa masa a cikin jerin motocin Gamboru. Ganin da na yi masa bai fi lokacin shan kofin ruwa ba, amma ya sa na yi ta tatsarsa. Yaya wuyansa? Da ya taho, kansa a ƙasa yake ko a sama? Na ce a ƙasa. Ya ce, "Makaɗin nan bai yi ƙarya ba ke nan." A Potiskum na daure na ce, "Kawu, da na riƙe hannunka." Ya ce, "Da ka riƙe, da na mare ka." Mai yiwuwa da ya mare ni. Amma da dai ya ga takwaransa.

Idonsa na dama bai kai damina ba. Sabi'u ya bugo ya ce in shekara ta zagayo zai sake gwada roƙo, Kawu ya ce ya bar mutane su yi aikinsu.

Ranar da muka iso Gafasa zauren ya cika. Har daga Toranke an zo, ciki da Malam Garba, wanda suka yi ta kokawa da Kawu a zamaninsu, ba su daina tsokanar juna ba har yau. Ya zauna ya ajiye sandarsa, ya bari aka gama barka da hanya, sannan ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"To, Karkanda, an sha hanya. Ka ga ɗan'uwan naka, ko shi ma ya ji labarinka ya gudu?"

Na sunkuyar da kai. Kawu ya juya fuskarsa wajen da muryar ta fito.

Ya ce, "Mun haɗu, Garba. Ya ji ƙamshina, na ji hucinsa. Ba wanda ya ga wani."

Zauren ya fashe da dariya, shi ma ya taya su. Ni na tashi na fita waje.